Makarantar Kan Tudu

Kwanakin baya wata hukuma ta nemi takardar sakamakon digirina na farko, ta ce kuma lallai ta fito kai tsaye daga hannun makarantar da na yi. Har na buɗe kwamfuta zan rubuta wa ofishin rajistara, sai na tuna babu ofishin, babu rajistaran, babu ma makarantar. Duk wanda ya yi karatu a Kwalejin Marlboro ta jihar Vermont a Amurka, in yana son takardunsa yau sai dai ya nema a Kwalejin Emerson da ke tsakiyar birnin Boston, inda yawancinmu ba mu taɓa zama a aji ba. Tun ƙarshen 2019 na ji za a rufe ta, a 2020 na ji an rufe. Amma gani ya kori ji. Sai da na ga sunana da makina a ƙarƙashin hatimin wata makaranta sannan abin ya zauna mini.

Marlboro ƙaramin ƙauye ne a kudancin Vermont, cikin duwatsu da daji. Daga garin Brattleboro mota takan yi yamma da kai a kan hanya mai lamba 9, tana lanƙwasa tana hawa, sannan ta saki babban titi ta bi wata 'yar hanya har tudun da ake kira Potash. Can za ka ga fararen gidaje na katako a warwatse cikin ciyawa da itatuwan tuffa. Ba ganuwa, ba ƙofa mai maigadi, ba dogon bene. Ranar da na fara zuwa, a ƙarshen shekarun 1990, na ɗauka direban ya ratse ne ya sauke wa wani manomi saƙo. Gona ce kuwa a da. Zauren cin abincinmu tsohon ɗakin shanu ne aka gyara, manyan azarun katakonsa suna nan a sama baƙi ƙirin, in an kunna ɗumama ɗaki har ƙanshin tsohon itace yake tashi.

Wani malamin adabi, Walter Hendricks, shi ya kafa ta a 1946. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu ya koyar a wata jami'ar wucin gadi da rundunar Amurka ta buɗe wa sojojinta a Biarritz ta ƙasar Faransa, ya ga yadda samarin da suka fito daga bakin daga suke karatu ba sai an bi su da tsawa ba. Ya dawo gida ya mai da gonarsa da na maƙwabta makaranta, mawaƙin nan Robert Frost yana cikin masu mara masa baya. Ɗaliban da aka buɗe da su a 1947 su 50 ne, 35 tsofaffin sojoji, gwamnati ke biya musu ƙarƙashin dokar 1944 ta tallafa wa waɗanda suka dawo daga yaƙi. Su da kansu suka riƙa gyara gine-ginen da za su zauna a ciki, safiya littafi, yamma guduma. A bikin yaye ɗalibai na farko, a 1948, mutum ɗaya tal aka yaye, Hugh Mulligan, wanda daga baya ya zama wakilin kamfanin dillancin labarai na Associated Press. Dattawan malaman da muka tarar sun san mutanen wancan zamani, sun kuma gaji halinsu: in rufi ya yi yoyo, to rufinka ne. Shi ya sa a kowane zangon karatu ake ware rana guda a dakatar da darussa a fita aikin gayya. Za ka ga malamin falsafa da manjagara, ɗalibarsa tana nuna masa inda bai share da kyau ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai ba sanyi ba ne, suna ne. Kowa da sunansa na yanka ake kiransa, har shugaban makaranta. Yarinya 'yar shekara 18 za ta ƙwala wa dattijo mai furfura kira daga can ƙarshen fili kamar sa'anta, shi kuma ya juyo yana murmushi. Ni da na tashi a gidan da ko yayanka ba ka kama sunansa gatsau, bakina ya ƙi ɗauka. Na daɗe ina kewaye-kewaye, in tsaya kusa da malami in yi gyaran murya har ya waigo. Daga baya na gane girmamawar tana nan, wurin zamanta ne ya sauya. Ba a ranƙwafa wa malami, amma shiga ajinsa ba ka karanta abin da ya bayar ba, wannan shi ne rashin kunyar da ba a yafewa.

Ba ka da wurin ɓuya kuwa. Duk makarantar ba mu fi 300 ba. Aji tebur ne guda, mutum bakwai ko takwas sun kewaye shi, malam a cikinsu, wani lokacin ma sai ka duba da kyau kafin ka gane shi. Ba bencin baya. In an ba da shafi ɗari na Plato ko na Darwin ranar Litinin, ranar Laraba malam zai jefa tambaya ɗaya ya yi shiru, shirun nan kuma zai iya barinsa ya yi tsawo har ka ji bugun zuciyarka. Wanda bai yi karatu ba, kowa zai gane kafin a cinye kofin gahawa na farko. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Namu dambun kaɗan ne, man kuwa har ya so ya yi yawa.

Shingen farko shi ne rubutu. Ko lissafi ka zo karantawa ko rawa, kafin ka yi nisa sai ka tara shafi 20 na rubutunka ka miƙa wa malamai su duba ko kana iya faɗin abin da ke ranka a fili. Wanda ya faɗi a ba shi dama ya sake. Wanda ya ci gaba da faɗuwa sai ya tattara ya sauka daga tudun har ya gyara. Na ga yaran da Turanci harshen uwarsu ne suna kuka a kan matakalar laburare saboda wannan doka. Takardarka takan dawo da rubutun malam a gefe ya fi naka yawa, kuma tambaya ɗaya ce take maimaita kanta cikin sigogi iri-iri: me kake nufi a nan, kuma yaya aka yi ka sani? Mu da muka fito daga makarantun da ake ba da maki don dogon Turanci, nan aka yaye mu daga ado. Kalma mai kumbura in ba ta ɗauke da kaya, sai a ja mata layi ba tausayi.

Laburaren ba a rufe shi, dare da rana. Babu mai tsaron ƙofa da dare. Ka ɗauki littafi, ka rubuta sunanka a kati, ka ajiye katin, ka tafi. Littattafai sukan yi ɓatan dabo jefi-jefi, a tashi a taron makaranta a yi faɗa, su dawo a ɓoye. Amma an gwammace a yi asarar 'yan littattafai da a ɗauki kowa ɓarawo. A nan muke kwana idan hunturu ya kama. A watan Disamba rana kan faɗi tun ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, ƙanƙara ta rufe hanya, iska ta riƙa kuka a jikin taga. Ƙanshin rigar ulu da ta jiƙe take bushewa a kan bututun ɗumama, da na gahawar da ta kwana, da hayaƙin itacen da ake ƙonawa a gidajen ƙauye, har yau in na ji ɗayansu sai gabana ya faɗi kamar akwai takardar da ban miƙa ba. A shekarun nan azumi yana faɗowa tsakiyar hunturu, ban taɓa yin azumi mai gajarta irinsa ba, ban kuma taɓa shan ruwa cikin kaɗaici irinsa ba. Wata dattijuwa mai aikin kicin, 'yar wannan yanki, ta lura ba na zuwa cin rana. Ta tambaya, na gaya mata. Daga ranar kullum sai na tarar da faranti a rufe da sunana a jiki, na sahur. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba kuma.

Wasannin ma na sanyi ne. Tafkin da aka tanada don kashe gobara in ya daskare, sai a hau kansa da tsintsiya da ƙwallo a yi ta santsi ana faɗuwa, wai gasa. Alamar ƙungiyoyin wasanmu mataccen itace ne, wanda ya isa ya gaya maka matsayin motsa jiki a wurin. Idan ƙanƙara ta narke a Maris da Afrilu sai laka ta karɓi gari, motoci su yi ta kafewa, manoma kuma suna tatsar itatuwan mefil suna dafa ruwansu ya zama zuma-zuma, tururi yana fita ta rufin bukkokinsu.

Duk wannan share fage ne. Zuciyar makarantar ita ce abin da ake kira Plan, wanda ke cinye shekara biyun ƙarshe. Ba a miƙa maka jerin darussa a ce ga digirinka. Kai za ka zo da tambayar da ke damunka, ka nemi malami ɗaya ko biyu su yarda su tsaya maka, ku tsara karatun tare. Daga nan yawancin darussanka kai kaɗai ne da malam a ofishinsa, sa'a guda kowane mako. Duk wanda ya taɓa karatun zaure zai gane tsarin nan take: ɗalibi ya zo da littafinsa, ya zauna gaban malam, ya ja baƙi, malam ya warware, na bayansa ya matso da nasa littafin daban. Bambancin shi ne a zaure malam ya san littafin ciki da waje, a Marlboro kuwa sau da yawa kai ne kake jan malam zuwa inda bai taɓa takawa ba.

Nawa aikin a kan Turawan da suka ratsa ƙasar Hausa a ƙarni na 19 ne, musamman Hugh Clapperton da ya zo Kano da Sakkwato a 1824 ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Heinrich Barth, Bajamushen da ya shiga Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim. Abin dariya, sai da na haye tudun ƙanƙara a Vermont sannan na karanta bayanin kasuwar da kakana ya ci. Littafin Barth mujalladi biyar ne, an aro mini su daga wani laburare mai nisa, na jira makonni kafin su iso, takardarsu ta yi rawaya tana ƙanshin ƙura. Malamina masanin tarihin Turai ne, bai san Kano ba sai a taswira. Wannan ya zama alheri. Barth ya ƙiyasta mazauna birnin a kan 30,000, ya ce sukan kai 60,000 lokacin da fatake suka cika gari. Na kawo alƙaluman nan ina murna na samu hujja. Malam ya cire tabarau ya ce to wa ya ƙirga masa, yana da lafiya a lokacin ko zazzaɓi ke cinsa, ya shiga cikin gidaje ko a bakin ƙofa ya tsaya, bayin da ke gandaye a wajen ganuwa suna cikin lissafi? Makonni muka yi a kan lamba biyu. Shi yana koya mini shakka, ni ina koya masa abin da Barth ya ji a bakin mutane bai fahimta ba. Akwai ranar da na yi masa bayanin yadda ake zaman zaure da abin da baƙo namiji ba zai taɓa gani ba a gidan Bahaushe, na ga ya ɗauki alƙalami yana rubutawa. Yaro ɗan shekara 22 ya ga dattijo yana rubuta maganarsa, wannan yakan yi wa mutum wani abu da ba ya gogewa.

Ƙarshen tafiyar shi ne jarrabawar baki. Makarantar ba ta yarda ta yi wa kanta alƙalanci ba, sai ta ɗauko masani daga wata jami'a, wanda bai san ka ba, bai ci abinci da kai ba, a aika masa da aikinka ya karanta, sannan ya hawo tudun. A rufe ƙofa da kai da shi da malamanka sa'a biyu zuwa uku. Sai a ce ka fita, su yanke maki, a kira ka. Abokai suna waje suna jira, ka fito a yi ta ihu. Daga baya a ɗaure aikin da bango a jera shi a wani ɗaki na laburare tare da na waɗanda suka gabace ka. Karatu, farkonka maɗaci, ƙarshenka zuma. Ranar dai haka ne.

Sai taron gari, wanda aka aro daga al'adar ƙauyukan wannan yanki, inda har yau mutanen Vermont kan taru a Talatar farko ta watan Maris su yanke kasafin garinsu da kansu. A makaranta ɗalibi da malami da mai shara kowa ƙuri'a ɗaya gare shi. Mu ke tsara dokokin zama, mu ke raba wani kaso na kuɗi, akwai ma kotun da ɗalibai da malamai ke zama tare su yi wa mai laifi hukunci. Kada ka ɗauka kullum hikima ake zubawa. An sha ɓata sa'a guda a kan inda za a sha taba, ko a kan waƙafi a cikin wata doka, abinci yana hucewa. Amma a nan na fara ganin yadda ake kayar da shawarar shugaba da ɗaga hannu, shi kuma ya zauna ya ci gaba da cin abincinsa.

Sai dai an ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma tsofaffin ɗalibai mun iya gyara bara. Ƙanƙantar da ta sa kowa ya san ka ita ce ta hana ka sakat. Wanda kuka yi faɗa da shi da safe shi ne a gabanka a layin abinci da rana, shi ne a teburin aji da yamma. Soyayya in ta watse, duk tudun ya sani kafin magariba. Yawancin fannoni malami ɗaya ke riƙe da su, saboda haka in jininku bai haɗu ba, ko ya tafi hutun bincike, fannin ya rufe ke nan. Akwai kuma wata gasa marar kyau da takan tsiro a irin waɗannan makarantu, ta alfahari da wahala: wane ya kwana uku bai runtsa ba, wance ta manta da cin abinci. Muna yi musu kallon jarumai, alhali wasunsu ba su da lafiya ne, ba mu da sunan abin a lokacin. Da yawa sun zo ba su gama ba. Wasu kuɗi ne ya yanke, wasu duhun hunturu, wasu kuwa 'yancin ne ya yi musu yawa, don ba kowane ɗan shekara 20 ke da tambayar da za ta ɗauke shi shekara biyu ba. Idan muka taru muna yabon makaranta, waɗanda suka gama ne ke magana.

Kuma su wa ke hawa tudun? Vermont tana cikin jihohin da fararen fata suka fi rinjaye a Amurka, makarantar ma haka take. Baƙin fata a lokacina ana iya ƙirga mu a hannu. Ba injiniyanci, ba aikin jinya, ba akanta. Yaron da iyayensa suke jiran albashinsa na farko su biya haya, da wuya ya ce zai je daji ya yi shekara biyu a kan falsafar Spinoza.

Ɗan ƙanwata, wanda ke karatu yanzu a wata babbar jami'a, ya saurari labarin nan nawa har ƙarshe cikin ladabi, sannan ya ce, "To Kawu, da kuka sauko, wane aiki takardar ta ba ku?" Na ce masa ta koya mini yadda ake tunani. Ya yi ƙasa da kai ya ce, "Allah ya ƙara basira, Kawu. Mu dai tunanin ma sai an ci an ƙoshi." Ban ga laifinsa ba. Shi mujalladan Barth ɗin da na jira makonni, yana iya sauke su a wayarsa kyauta kafin shayi ya huce. Laccar manyan masana tana intanet. Ni sai na sayi katin waya, in tsaya a baranda a wayar ɗakin kwana, in kira gidan maƙwabcinmu a aika yaro ya kirawo mahaifiyata, katin ya ƙare muna cikin gaisuwa. Shi kullum yana ganin fuskar tasa. Ɗaliban yau suna faɗin damuwarsu a fili su nemi likita, ba sa mai da ita abin ado. Duk wannan ci gaba ne, ba na musu. Abin da wayar ba ta ba shi shi ne mutumin da zai karanta kowane layi da ya rubuta, ya tuna abin da ya faɗa makon jiya, ya ce masa yau ka saɓa wa kanka.

Wannan mutumin kuwa tsada gare shi, kuma tsadarsa ce ta ci makarantar. A 1966 masana tattalin arziki biyu, William Baumol da William Bowen, sun yi bayanin dalilin da ya sa ƙungiyoyin kiɗa da wasan kwaikwayo ba sa rabuwa da giɓin kuɗi. A masana'anta, inji yakan sa ma'aikaci ɗaya ya yi aikin jama'a da yawa, albashi ya tashi, kaya su yi araha. Amma kiɗan da Beethoven ya tsara wa makaɗa huɗu, yau ma mutum huɗu yake buƙata, tsawon lokacinsa kuma bai ragu ba, alhali dole a biya su albashin zamani. Sa'a guda ta malami da ɗalibi ɗaya haka take. Ba a matse ta, ba a ninka ta. A shekarun ƙarshe Marlboro tana da kusan malami ɗaya ga ɗalibai biyar. Kuɗin karatu ya doshi dala 40,000 a shekara ban da ci da kwana, amma kaɗan ne ke biyan wannan, sauran ragi ake yi musu don su zo. Ɗalibai sun kai wajen 350 a farkon shekarun 2000, suka yi ta raguwa har suka dawo wajen 150. An gwada ba da gurbin karatu kyauta ga ɗalibi ɗaya daga kowace jiha. An zabge kuɗin makaranta da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bai tsayar da zubar ba, don yaran da ke gama sakandare a wannan yanki raguwa suke yi, waɗanda suka rage kuma, bayan rikicin tattalin arzikin 2008, tsoron bashi ya shige su da iyayensu.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A 2019 kaɗai kwalejoji uku suka rufe a Vermont: Green Mountain, Southern Vermont da St. Joseph. Goddard ta bi su a 2024. Marlboro ta nemi haɗewa da Jami'ar Bridgeport a 2019, maganar ta watse. A watan Nuwamba aka sanar da yarjejeniya da Emerson: ta karɓi asusun ajiyar makarantar, wanda aka ƙiyasta ya haura dala miliyan 30, ta ɗauki malamai masu kujerar dindindin da ɗaliban da suke so, ta kuma sa wa wata cibiyarta sunan Marlboro. Annobar korona ta watse ɗalibai tun Maris na 2020, bikin yaye na ƙarshe a allon kwamfuta aka yi shi. Makarantar da aka gina a kan zama ido da ido, ko sallama ba ta samu ta yi ido da ido ba. Masu gudanarwa sun ce gara a rufe da sauran kuɗi a hannu a sama wa malamai mafaka, da a jira sai tukunya ta ƙone. Ina ganin hujjarsu, ko da yake tsofaffin ɗalibai da yawa har yau ba su huce ba. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yarjejeniyar ba ta kai ga masu kicin da masu share ƙanƙara da masu gyaran famfo ba. Ƙuri'arsu ɗaya da ta farfesa a taron gari, amma a motar Boston ba kujerarsu.

Tudun kansa ya sauya hannu, har a 2021 ya faɗa hannun tsofaffin 'yan hayarsa. Tun 1951 makaɗin fiyano Rudolf Serkin da Adolf Busch da abokansu suka kafa wani taron kiɗa da ake yi a harabar kwalejin duk bazara in ɗalibai sun tafi hutu. Shahararren makaɗi Pablo Casals ya yi shekaru yana zuwa. Tsarinsu ɗan'uwan namu ne: gwani mai furfura ya zauna cikin matasa a ƙungiya ɗaya, su yi makonni suna bitar kiɗa guda, mafi yawan abin da suka bita ma ba a kai shi gaban 'yan kallo. Wato ainihin makaɗa huɗun da Baumol ya buga misali da su, su ne suka rayu har suka sayi gidan. Ba inji suka samu ba. Masu hannu da shuni suka samu da ke son kiɗan, ga shi kuma makonni bakwai kawai suke yi a shekara, ba su kuma dogara da bashin da ɗan shekara 18 zai ci ba.

Saboda haka ban yarda da masu cewa zamani ya wuce irin wannan karatu ba. Yana nan da ransa, ya koma inda kuɗi suke ne. Kwalejin Williams da ta Amherst, a jihar Massachusetts da ke maƙwabtaka, kowace asusunta ya haura dala biliyan 2. A Williams har yau akwai darasin da ɗalibai biyu ke zama da farfesa ɗaya, wannan ya rubuta, wancan ya soka, mako mai zuwa su yi musanya. Sai dai cikin masu neman shiga goma, kusan ɗaya suke ɗauka, yaran da tun suna sakandare an riga an san za su yi fice ko'ina suka je. Marlboro kuwa mafi yawan masu nema tana karɓa. Ajinmu cike yake da wanda aka kora daga wata makaranta, da wadda ta yi shekaru tana aikin gidan abinci kafin ta dawo, da wanda makinsa na lissafi abin kunya ne amma ya haddace sunan kowane tsuntsu a dajin. Irin waɗannan aka zaunar gaban malami su kaɗai, aka ɗauko musu masani daga nesa ya yi musu tambayoyi kamar abokan aikinsa, kuma da yawansu suka ɗauki nauyin. Su ne suka yi asara da aka rufe, su da ƙannensu da ba za su taɓa sanin an yi wurin ba. Ni kaina da irin takardun da na fito da su daga sakandare, Williams ba za ta karanta wasiƙata har ƙarshe ba.